Ta Hagu ta Likita, ta Dama ta Hammanjoda

Sajo ya raba gwiwoyinsa biyu tsakanin masu magani biyu don ya ga wanda ya fi, kuma wannan rabon shi ya jawo abin da ya faru a mayanka.

Shi Sajo ba mahauci ba ne. Duk wanda ya kira shi mahauci sai ya shirya karɓar mari. Bafulatani ne da shanun gidansu suka ƙare tun yana saurayi, ya shigo Jalingo ya zauna a Majidaɗi, ya kama aikin da ya iya, wato kayar da sa. Idan aka kawo bijimi mayanka, mutum biyu ke kai shi ƙasa kafin a sa wuƙa. Na gaba yana da igiyar ƙaho. Zai tattara ta har ya matso, ya kama ƙaho da hannu ɗaya, hanci da ɗaya, ya kafa ƙafa ya murɗe wuya. Sai ya ji kai ya kulle a hannunsa sannan ya ce, "Shiga!" Na baya kuma ya durƙusa gefen cikin sa ya zarga igiya a ƙafafu ya ja. Na baya ba ya ganin ƙaho, baya yake ba shi. Ransa yana hannun na gaba, iyakar magana ke nan.

Sajo ne na gaba. Na baya Tobias ne, mutumin Kona, gajere kakkaura, bakinsa ba ya hutawa. Sun fi shekara ashirin tare. Sajo yana ce masa Guntu, shi kuma yana ce masa Fulani mara saniya, kuma babu wani mahaluki a Jalingo da ya isa ya faɗi wannan kalma ya tafi da haƙoransa sai Tobias.

Gwiwoyin sun daɗe suna ciwo. Da safe sai Sajo ya ji kamar an zuba masa yashi a ciki. A masallaci an sha turo masa kujera, yana ture ta da ƙafa. Ta hagu ta fi tsanani, saboda haka ba tare da wani ya koya masa ba ya koma kafa ta dama idan zai murɗe sa, ta hagu yana ɗan taɓa ƙasa da ita kawai. Da zarar ya ɗora mata nauyi sai ta soke shi, ya janye. Haka suka zauna shi da ita, tana gargaɗi yana ji.

Wata safiya wata saniya da ba ta kai ta kawo ba ta fizge shi. Ya faɗi ruf da ciki, ta ja shi a kan siminti cikin jini da tumbi. Nasiru, ɗan yayarsa, ƙaton mutum mai iyali da ya daɗe yana jiran wannan igiya, ya yi tsalle ya kama ta ya tsayar da saniyar. Sajo ya tashi, gwiwar hannunsa a saɓule. Ya karɓi igiyar, ya ninka ta biyu, ya zabga wa Nasiru a fuska. Fata ta tsage daga kunne zuwa baki.

"Kawu, ceton ka na yi!"

"Wa ya ce ka taɓa igiyata? Mutuwa na yi?"

Ya sake ɗagawa, Tobias ya rungume shi ta baya. Sarkin Pawa Mahadi, shugaban mahautan wurin, ya zo ya tsaya yana kallon jinin Nasiru na ɗiga kan riga.

"Sajo," ya ce, "babbar Sallah ta matso, manyan shanu za su shigo. Ka je ka gyara ƙafafunka. Idan ba su gyaru ba, igiyar gaba ta Nasiru ce. Ba zan maimaita ba."

Tobias ne ya ja shi asibiti. Aka yi hoton ƙashi, aka shigar da su wurin wata likita ƙaramar mace mai tabarau, wadda ba ta ji tsoron fuskar Sajo ba ko kaɗan. Ta kwantar da shi, ta lanƙwasa ƙafa ta miƙe, ta girgiza ta hagu gefe da gefe.

"Baba, ka taɓa buɗe gwiwar saniya?"

"Ni ba mahauci ba ne."

"Amma ka gani."

"Na gani."

"To farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashi, guringuntsi, naka ya cinye. Ƙashi ne ke goga ƙashi. Babbar gyara sai aiki, a yanka a sa ƙarfe."

"Ba mai yanka ni."

"Na san haka za ka ce. Akwai waɗanda ba sai an yanka ba." Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce akwai allurar da ke kwantar da kumburi, tana aiki da wuri, amma bayan 'yan watanni ciwon yana dawowa, kuma ba a yawan maimaita ta don kada ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Akwai wata mai yauƙi kamar miyar kuɓewa da ake zubawa don ƙashi ya samu santsi, ita ba ta da sauri, wani ta yi masa, wani ba ta yi ba. Akwai wadda za a ɗebi jinin mutum a juya shi a inji a mayar masa cikin gwiwa. Akwai kuma wadda ake sa siririyar allura a ƙona jijiyar da ke kai saƙon ciwo, amma wannan sai an yi tafiya, ba ta da kayanta a nan.

Sajo ya ɗaga kai. "Ƙonawa? Ku ma kuna ƙonawa?"

"Ba irin wadda kake tunani ba."

"Wuta dai wuta ce. To wanne ya fi a ciki?"

"Ya danganta da mutum. Kuma babu wanda zai dawo maka da guringuntsi."

Wannan amsa ba ta yi wa Sajo ba. A wurinsa abu biyu ba sa tsayawa daidai, dole ɗaya ya kayar da ɗaya. Ya tuna yadda babansa yake yi a ruga idan an kawo sabon magani. Ba ya tambayar kowa. Sai ya ware shanu biyu masu ciwo iri ɗaya, ya ba wannan na Bature, ya ba waccan na gargajiya, ya zauna ya zuba ido. Wadda ta riga tashi, maganinta ya ci. To shi ma ai biyu gare shi.

"Yi mini mai saurin," ya ce. "A ta hagu kaɗai."

"Ta dama fa? Ita ma tana bukata."

"Ta wani ce."

Likitar ta dube shi ta saman tabarau. "Kada ka bari kowa ya huda maka ita, Baba."

Ta goge wurin, ta soka allura ta zuƙo wani ruwa rawaya, ta zuba nata. Kafin Sajo ya gama gyara kwanciya ta ce an gama. Abin ya ba shi haushi. Maganin da bai sa mutum ya ciji leɓe ba, wane irin magani ne?

A bakin ƙofa ta tsayar da shi. "Ka ji ni da kyau. Ciwon zai kwanta, amma gwiwar ba ta warke ba. Ta hagun nan tana lilo, na ji ta a hannuna. Ka yi tafiya da ita, ka yi sallah da ita. Kada ka ɗora mata sa."

"Na ji," in ji Sajo. Tobias ma ya ji.

Washegari da rana suka fita bayan gari, gaba da Yelwa, wurin Hammanjoda. Shi ɗan baffan Sajo ne, tsoho mai ido ɗaya, wanda duk makiyayin da sansa ya yi ɗingishi wurinsa yake zuwa. Sakiya yake yi, ya sa ƙarfe a wuta ya huda inda ya kumbura don mugun ruwa ya fita. Ya latsa gwiwar dama da babban yatsa.

"Ta cika. Wa zai riƙe ka?"

"Ba na bukata, Hamma."

"Shanu ma haka suke cewa. Kai ɗan Kona, hau ƙirjinsa."

Tobias ya dubi basillar da ke cikin garwashi ta yi ja kamar gauta. "Fulani, likita ya ce kar a huda. Ni ma ina wurin, kunne na biyu ne."

"Hau, Guntu, ko ka koma gida."

Ya hau. Hammanjoda ya ɗaure ƙafar a jikin turken maraƙi, ya tura wa Sajo sanda a baki. Da ƙarfen ya taɓa fata sai ta yi cuuu, hayaƙi ya tashi, warin babbaka ya cika wurin. Tsohon bai tsaya a fata ba, ya danna har ciki yana juyawa. Sajo ya gantsare kamar an taka maciji. Sandar ta tsage a bakinsa. Ya kai wa Tobias gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe, amma Tobias bai sauka ba, ya ƙara danne shi yana zaginsa da yaren Kona. Hammanjoda ya mayar da basilla wuta, ya jira ta sake ja, ya huda ɗaya gefen. Ya sake, ya huda ƙasa. A ta ƙarshe Sajo ya yi fitsari a wando, kuma babu wanda ya ce ya gani.

Aka shafa man shanu da toka aka ɗaure da tsumma. Sajo yana kwance yana haki, jini a haƙoransa, ya yi murmushi.

"Wannan shi ne magani," ya ce.

Sai ya zauna ya zuba ido, kamar babansa.

Ba a daɗe ba ta hagu ta yi shiru. Shiru sosai. Ya tashi da safe ba yashi, ya taka ta, ya murza ta, ya tsuguna a kanta, ko uffan. Rabonsa da jin haka tun kafin ya yi furfura. Ta dama kuwa ta kumbura ta zama kamar kabewa, ta ɗauki zafi, ramukan suka ƙi rufewa suna tsiyayar da wani ruwa mai kauri. Sajo ba ya ha'inci a hukunci, ko da a kan ɗan'uwansa ne. Ya dubi wannan ya dubi waccan ya ce a ransa, yarinyar ta ci, Hamma ya faɗi. To tunda ta hagu ce ta ci, ita za a ba aiki. Ya ƙara tsumma a ta dama, ya sa wando mai faɗi, ya koma mayanka. Ƙananan shanun da aka yi ta kawowa ya kayar da su da ƙafar hagu a kafe, ba ta ce masa komai ba.

Tobias ne ya fara jin warin, don shi ke durƙusawa kusa da ita.

"Ƙafa naka yana ruɓa. Mu koma wurin likita."

"Ta kwantar da ni a gado Sallah ta wuce? Nasiru ya kwana da igiyata? Bayan Sallah."

"Kuma na hagu da kake dannawa, me ya gaya maka?"

"Ta faɗi nata, ƙafa ta faɗi nata. Ƙafar a jikina take, ba a jikinta ba."

Ranar jajiberi da hantsi aka shigo da wani jan bijimin Bororo. Tozonsa ya kai kafaɗar mutum, ƙahoninsa kuwa sai da aka karkata kansa kafin ya wuce ƙofa. Mutum huɗu ne suka riƙo shi, ya riga ya karya wa ɗaya yatsu a hanya. Mahauta suka bar abin da suke yi suka taru. Sajo ya tofa yawu a tafin hannu ya nufi igiya.

Sai Tobias ya ɗaga murya a gaban kowa. "Sarki! Kar ka ba shi. Ƙafa ɗaya ya ruɓe, ɗaya kuma allura ne ya rufe baki nashi. A ba Nasiru yau kawai."

Sajo ya juyo a hankali. Ya kama kunnuwan Tobias biyu ya sauke masa goshi a baki. Haƙori ya faɗo kan siminti. Tobias ya rungumi ƙugunsa suka zube cikin kwatar jini, suna birgima, Sajo yana dukan haƙarƙari, Tobias yana neman wuyansa. Ko a cikin wannan, Tobias bai taɓa ƙafar dama ba, ga ta kuwa kusa da hannunsa, da ya matsa ta sau ɗaya faɗan ya ƙare. Sai da mahauta suka ɓamɓare su da ƙyar.

Sajo ya miƙe, jini ya rine shi daga kai har ƙafa. Ya je inda aka rataye cinyar sa, ya sauke ta ya saɓa a kafaɗa. Ya ɗaga ƙafar dama sama. Ya tsaya a kan ta hagu ita kaɗai, ya tsuguna, ya tashi.

"Wa ke da irin wannan a cikinku? Nasiru, zo ka yi!"

Mahauta suka ɗauki ihu suna buga wuƙaƙe a kan tebur. Nasiru ya sunkuyar da kai. Sarkin Pawa Mahadi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na ga ƙafa da idona. Sajo, kama igiyarka. Wa zai shiga baya?"

Babu wanda ya motsa. Tobias yana zaune a bakin kwata yana tofar da jini. Ya ɗauki haƙorinsa ya duba, ya sa a aljihu. Ya tashi ya ɗauki igiyar baya.

"Zauna, Tobias," in ji Sarki, "a samu wani."

"Wani bai san ja nashi ba. Zai shiga kafin lokaci, sa ya kashe shi." Ya wuce ta gefen Sajo bai dube shi ba. "Fulani mara saniya. Idan ka ji wani abu a ƙafa, kar ka kira ni. Ka ji? Ka sake, mu gudu, kunya ba ya kashe mutum."

"Je ka wurinka, Guntu."

Sajo ya fara tattara igiya. Bijimin ya tirje, ya yi gurnani, ya kai suka, ƙaho ya wuce ta gaban cikinsa ya yage riga. Ya bar shi ya sake kaiwa, ya kauce, kafin ya ɗago ya faɗa masa. Hannun dama a ƙaho, yatsun hagu cikin hanci. Ya kafa ƙafar hagu ya zuba mata duk abin da Allah ya ba shi. Wuyan ya fara juyawa. Idon sa ya koma fari, kumfa tana zuba a hannun Sajo. Shekara da shekaru, a daidai nan ne gwiwar take soka shi ta ce ya isa haka. Ya saurara. Bai ji komai ba.

"Shiga!"

Tobias ya durƙusa ya shiga, ya miƙa hannu ƙarƙashin ciki.

Bijimin ya tattara ƙarfinsa ya yi sama da kai. Gwiwar ta yi ƙara kamar an karya rake, ta lanƙwashe ta gefen da ba a lanƙwasawa. Sajo ya nemi ta dama ta tare shi, ruɓaɓɓiyar ta ƙi ɗaukar ko rabinsa. Ya zube, ƙaho ya kuɓuce.

San bai kula shi ba. Ya juya kan abin da ke taɓa masa ƙafa. Tobias yana durƙushe, bayansa a buɗe, yana ƙoƙarin ƙulla igiya. Ƙahon ya shige shi ta ƙasan haƙarƙari. San ya ɗaga shi sama ƙafafunsa na lilo, ya girgiza, ya maka shi da bango, ya bi shi ya sake dannawa. Mahauta suka watse, wasu ta kan katanga. Nasiru ne ya zari adda ya zagaya ya sare wa bijimin agara, ya sake sara ɗayar, san ya zauna a kan gindinsa yana kururuwa, Sarkin Pawa ya faɗa masa da wuƙa ko alƙibla ba a duba ba.

Sajo ya ja jiki da hannu cikin jinin, ƙafar hagu tana biyo shi kamar ba tasa ba. Yanzu kam tana magana, amma ba wanda yake sauraro. Ya cire rigarsa ya cusa a ramin da ke jikin Tobias. Rigar ta jiƙe nan take.

Keke Napep ɗaya aka samu a bakin ƙofa, aka zuba su tare. Hanya ta cika da raguna da masu sayayyar Sallah, mai keken yana ta danna ham, Nasiru yana gudu a gaba yana dukan motoci da hannu a ba su hanya. Kan Tobias yana kan cinyar Sajo, daidai saman tsumman sakiya. Ya buɗe ido ya yamutsa fuska.

"Kai, ƙafa naka yana wari."

"Yi shiru, Guntu. Mun kusa."

"Wa ya ci?"

"Me?"

"Gwaji naka. Likita ko tsoho?"

Sajo ya ƙara danna rigar da hannu biyu. Tobias ya yi kamar zai yi dariya, jini ya biyo ta gurbin haƙorin da Sajo ya cire masa.

Bai kai ƙofar asibiti da rai ba. Washegarin Sallah aka binne shi a Kona. Matarsa Ƙauna ce ta tsinci haƙorin a aljihun wandonsa lokacin da take wanke jinin, ta sa aka binne shi da shi.